Kek Mai Fuskar Gwaggo

Har yau ba zan manta da ranar da muka kai garar Hajara, 'yar yayata, garin Roni ba. Zamanin soja ne, sukari ya wadata a kasuwar Kazaure, ni kuma ina ɗokin ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu Maman Ladi, matar wani malamin asibiti, ta koya mana kek: a gasa a tukunya bisa yashi, a dafa sukari a zuba masa siririn ɓawo, ya bushe fari tas, sumul kamar madubi. Ta ja mana kunne: "Sai ya huce sarai, kun ji ko?"

Don murna na bi gida-gida ina shelar bana dangin ango za su ga abin da ya fi alkaki da dubulan. (Ni da ko 'ya'yana sai sun matso suke jin maganata!)

Ran tafiya direba na ta danna oda a ƙofar gida, kek kuwa saukewata ke nan. Na ce ɗan zafin nan me zai yi? Na kwarara sukari, ya kwanta gwanin sha'awa, na rufe fanteka, ina ta washe baki.

Ashe kek mai zafi a kumbure yake, yana hucewa yana tsukewa. Ɓawon kuwa ya riga ya kama jikinsa, ba shi da wurin zuwa, sai ya yamutse. A hanya na leƙa, na ga yadda ya koma. Na juye masa ragowar sukarin da na taho da shi wai ya rufa mini asiri. Sabon ya ƙi kwanciya, ya bi tudu-tudun ya taru ƙulu-ƙulu.

A tsakar gidan ango, mata maƙil, gwaggon ango, tsohuwa tukuf, ta ɗaga murfi. Ta dube ni.

"'Yar nan, mene ne wannan?"

"Kek ne, Gwaggo."

Ta kai ido kusa, ta shafa kumatunta. "Ikon Allah! Yaushe kika san ni har kika zana fuskata?"

Wata ta ce, "A'a Gwaggo, duwatsun Kazaure ta kawo mana tsaraba!"

Gida ya ɗauki shewa. Na ja mayafi na rufe fuska, ina jiyo Hajara a ɗaki, amarya guda, tana ƙyaƙyatawa.

Sun cinye shi tas, Gwaggo ta fi kowa. Amma har yau a Roni sunana Mai Fuskar Gwaggo. Tun ranar, in malama ta ce a jira, to direba ya yi ta odarsa.