An Tura Yayana Ya Koyi Aikinsa

Wata huɗu ke nan ina danne wannan labari kamar mai danne tari a cikin sahu, domin mai shi ya roƙe ni kada in rubuta sai komai ya lafa. To, komai bai lafa ba, ni kuma haƙurina ya ƙare.

Abin ya faro ne wata Talata da na goya yayana a babur zuwa ofishin da ke rarraba ɗaliban malanta a makarantu don koyarwar gwaji. Yayan nan nawa, Mai Alli ake ce masa a unguwa, saboda kowace riga ya sa sai ka ga farin shafi a kafaɗarta. Shekararsa hamsin, ashirin da biyu daga ciki yana koyar da aji huɗu a firamaren bayan gidanmu. Rabin masu gemun layinmu a hannunsa suka koyi lissafin rabawa. Sai manya, Allah ya ƙara musu hangen nesa, suka wayi gari suka gano ba shi da takardar shaidar malanta. Suka ba da wa'adin shekara uku: duk wanda bai kawo ta ba, ya ajiye alli ya kama gabansa. Bawan Allah bai yi musu ba. Ya shiga karatun ƙarshen mako tare da sa'o'in 'ya'yansa, ya cinye kowace jarrabawa, saura mako goma sha biyu na gwaji, wato a ga ko zai iya tsayawa gaban yara.

Ofishin taga ɗaya gare shi, da benci mai ƙafa uku da bulo. A bayan tagar akwai wata baiwar Allah da zan kira Gimbiyar Taga, wadda ba ta ɗaga kai sai idan fanka ta tsaya. Ta miƙo fom. Fom ya ce a rubuta makarantu uku da ake so. Yaya ya sa tasa a farko, tunda can yaransa suke. Gimbiya ta ja layi a kai, ta ce doka ta hana ɗalibi gwaji inda aka san shi, kada a yi masa alfarma. Sauran biyun ma ta soke, wai sun yi kusa da gida, kuma kusa da gida yana sa ɗalibi lalaci. Na tambaye ta to me ya sa ake tambayar mutum zaɓinsa. Ta ce don a san inda ba za a kai shi ba.

Sai aka zo gurbin da ke cewa: shekara nawa ka taɓa koyarwa? Yaya ya rubuta ashirin da biyu da kyakkyawan rubutunsa na allo. Nan ne Gimbiya ta ɗaga kai, fanka kuwa tana juyawa.

"Baba, wannan fom na masu koyo ne. In ka iya, ba kai ba ne mai koyo. In ba mai koyo ba ne kai, ba zan tura ka ko'ina ba. Goge ka rubuta babu."

Ya daɗe yana kallon takardar. Ni da na zo da niyyar tsokana sai na kawar da kai. Ya goge, ya rubuta babu, ya sa hannu a ƙasa. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Bayan kwana goma sunaye suka fito a jikin bango. An tura shi wata sabuwar makaranta a ɗaya gefen gari, mota biyu da tafiyar ƙafa. Hedimastan wurin yaro ne mai ladabi, har ya karɓar masa jaka. Amma ga matsala: dokar gwaji ta ce dole malamin da ya shekara goma yana aiki ya zauna a bayan aji, ya sa ido a kan ɗalibi, ya cike rahoto duk mako. In babu rahoton, gwajin ya tashi a banza. Makarantar kuwa dududu shekararta shida da ginawa, wanda ya fi kowa daɗewa a cikinta mai gadi ne.

Mako uku Yaya yana koyarwa ba mai duba shi, wa'adi yana ta matsowa. Mai askin layinmu, wanda ke da maganin kowace matsala in ba tasa ba, ya ba da shawarar a sa mai gadin ya dangwala hannu, tunda manya ba sa karanta rahoto, auna nauyinsa suke yi. Yaya ya ce shi bai taɓa koya wa yaro maguɗi ba, ba zai fara da kansa ba. Haka muka sake hawa babur.

A wannan karon mun dage sai mun ga mai ofishin da kansa, Sarkin Fayil, Allah ya ja zamanin hatiminsa. Aka ce yana otal wajen taron kwana uku kan ƙarancin malamai. Muka dawo rana ta huɗu, aka ce yana hutun gajiyar taro. A rana ta shida muka same shi, mutum mai fara'a, ga sanyin na'ura har yana sa haƙori kaɗawa. Ya saurari Yaya da kyau, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ya sa akawu ya ɗauko rajistar malamai, a nemo wanda ya haura shekara goma kuma ba ya cikin aji a halin yanzu. Akawu ya lashi yatsa, ya yi ta buɗe shafi, can ya ce ga wani, shekara ashirin da biyu, mako uku ke nan ba ya ajinsa. Ya karanto sunan, da sunan uba, da na kaka.

Na taka ƙafar Yaya don ya yi shiru. Ina, gaskiya ta riga ta yi masa katutu.

"Ranka ya daɗe, ai ni ne."

Sarkin Fayil ya yi murmushin da ake yi wa yaro. Ya ajiye rajista a dama, fom a hagu.

"Malam, wannan na dama shekararsa ashirin da biyu yana aiki. Kai kuma ga naka, ka rubuta babu da hannunka. Mutum biyu ne. Ko kana so ka ce takardun ofishin nan ƙarya suke yi?"

Wa ya isa ya ce haka a gaban hatimi? Aka buga wasiƙa, aka umarci malam mai shekara ashirin da biyu ya je ya sa ido a kan ɗalibi marar ƙwarewa, ya riƙe shi da amana. Har aka ja wa ɗalibin kunne ya girmama na gaba da shi.

Ni a ganina an gama, sai ya zauna a gida ya zuba wa kansa ɗari bisa ɗari. Amma ba ku san Mai Alli ba. Ya sa aka ajiye kujera a bayan aji. Idan ya gama darasi yara suka fita tara, sai ya zagaya ya zauna a kanta, ya buɗe rahoto, ya dubi allon da ya cika, ya hau rubutu. A makon farko ya dawo gida jikinsa a sanyaye. Wai ranar da ya zauna kafin yara su fita, daga kujerar nan ya gano layi biyun ƙarshe na allo ba sa ganuwa daga baya, kawunan na gaba sun tare. Shekara ashirin da biyu yana yi wa 'yan bencin baya faɗan rashin kwafe aiki, ashe ba sa gani ne. Ya rubuta a rahoto cewa ɗalibin nan yana da saurin fushi, kuma yana rubutu ƙasa da yawa. Matarsa ta ce in ya kayar da kansa, to ya nemi inda zai riƙa cin abinci. A ƙarshe dai ya ba kansa sittin da biyu, ya ce ko ita ma da sassauci.

Makon jiya wasiƙu biyu suka iso rana ɗaya, masinja ɗaya. Ta farko tana taya ɗalibi murnar cin gwaji, ga takardar shaidarsa, za a tuna da shi idan gurbi ya samu. Ta biyu tana gode wa malam mai shekara ashirin da biyu bisa horar da ɗalibi da ya yi, tana kuma sanar da shi cewa wa'adi ya cika, ba a ga takardar shaida a fayil ɗinsa ba, don haka ya miƙa makullin aji huɗu. Muka garzaya da takardar a hannu. Gimbiyar Taga ta ce wannan ta ɗalibin ce, ba a ara wa wani.

Kada ku ce manya ba su da tausayi. Tafiyar malamin ta buɗe gurbi a firamaren bayan gidanmu, kuma jiya aka manna sanarwa ana neman sabon malami mai takarda. Na raka Yaya ya karanta. A layin ƙarshe an rubuta cewa kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar. Ya karanta sau biyu, yaran aji huɗu suna leƙensa ta taga suna kiran malam, malam. Ya ɗaga musu hannu, ya juyo ya tambaye ni ko babur yana da mai ranar Litinin. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai huce ba.

Zan kai shi. Roƙo ɗaya kawai zan yi wa Sarkin Fayil: tunda ofishinsa ya iya raba mutum ɗaya gida biyu, ya taimaka ya raba musu shekarun ma, kowa ya ɗauki ashirin da biyar.