Iyo a Saman Hamada

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka baro Masar, kuma ko na so mantawa surukaina ba za su bar ni ba.

Ni ɗan Yelwa ne ta Yawuri, a gidan masu jirgin ruwa na tashi. Matata Hadiza kuwa 'yar wani attajiri ce a Birnin Kabi. Tun ana neman auren mahaifinta, Alhaji, ya raɗa mini suna "ɗan kwale-kwale", yana faɗa yana murmushi, ka rasa wasa ne ko gori. To da ya ce zai kai iyalinsa hutu Alƙahira har da ni, sai na ƙudurta a raina cewa a tafiyar nan zan wanke sunan nan tas.

Kuma wallahi na yi ƙoƙari. Na ci shinkafa da cokali mai yatsu ina murmushi, yunwa na cina. Da muka shiga jirgin shaƙatawa a kogin Nilu, Alhaji ya ce, "Ɗan kwale-kwale, ba ka karɓi tuƙin ba?" Na gyara tabarau na ce ai ni tuni na manta waɗannan abubuwan (Allah Ka yafe mini, ƙarya nake, hannuna har ƙaiƙayi yake yi).

Ranar ƙarshe a kasuwa muka ƙare, ana sayen tsaraba. Na saya wa Inna turare da carbi. Hajiya, surukata, ta aiko Hadiza da wata farar jallabiya wai tawa ce. Ku tuna fa, ni da Hajiya ko ido ba ma haɗawa, ruwa ma sai na juya baya nake sha a gabanta. Don in girmama kyautar, ita na sa zuwa filin jirgi. Garin da zafi, saboda haka a ciki daga ni sai singileti da gajeren wandon ƙwallo. Wa zai gani?

A cikin jirgi Hadiza ta zauna jikin taga, ni a bakin hanya. Tsallaken hanyar ga Hajiya, sai Alhaji a gefenta. Gajiyar kasuwa ta sa ko abinci ban jira ba, barci ya kwashe ni.

A nan sai na gaya muku abin da babana ya dasa mana tun muna bin sa a jirgin ruwa zuwa garin Wara ranar kasuwa. In iska ta taso a tafki jirgi ya fara rawa, ba a tsayawa tambaya. Ka fara tuɓe riga, don riga ke fara kashe mutum a ruwa. Sannan ka nemi wanda bai iya iyo ba, dattijai tukuna. Mun sha dukan wannan karatu har ya zauna mana a jini.

Ina cikin barci na ji mun yi ƙasa, mun yi sama, mun karkata. Wata mata ta rafka salati. Ni dai a kaina muna tsakiyar tafki ne, igiyar ruwa ta taso. Ban san lokacin da na ɓalle bel ɗin kujera ba. Jallabiya kuwa ba ta da maɓallin da zai ba mutum damar tunani, ja ɗaya na yi ta fice ta kai. Na watsar da takalma, na dira gaban Hajiya, na durƙusa na ba ta baya, na kwarara ihu:

"Kowa ya zauna tsakiya! Hajiya, kama wuyana, kar ki saki! Kama, na ce!"

Sai jirgin ya daidaita. Tsit.

Wata ma'aikaciyar jirgi ta taho da sauri tana larabci, tana nuna mini kujera. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, sai "Innalillahi" take yi ƙasa-ƙasa. Wani yaro a baya ya ce, "Mama, ɗan dambe ne?" Hadiza ta finciko singiletina, ta nuna mini taga. Na leƙa. Rairayi ne ja, iya ganinka. Hamada muke ƙetarawa, ko ruwan alwala babu.

Na so ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ƙasar ma ta yi mini nisa. Jallabiyar kuwa can ta faɗa kan cinyar Alhaji. Ya ninke ta a hankali, ya miƙo mini, ya ce, "Ashe dai ba ka manta ba."

Har muka sauka Kano ban ƙara ɗaga kai ba. Hadiza kuma ta samu abin yi: "Wato da ruwan gaske ne, ni kifi za ka bar wa?"

Kafin in iso Yelwa labari ya riga ni. Na miƙa wa Inna turarenta, ko kallon sa ba ta yi ba. Ta ce, "Kai, mi na ka ji? Gaban surukarka, da gajeren wando?" Babana kuwa ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce tsarin dai daidai ne, wurin ne ba daidai ba.

Yanzu in na je Birnin Kabi, Hajiya daga bayan labule take amsa gaisuwata, ina jin tana danne dariya. Alhaji ya daina ce mini ɗan kwale-kwale. Na samu ƙarin girma, Sarkin Ruwan Hamada nake, har jikokinsa sun haddace.

Abin da na koya shi ne, asali ba ya ɓuya, barci kaɗan yake jira. Kuma duk inda za ni da surukai, kaftani nake sawa mai maɓalli har wuya, da dogon wando a ciki.