Hannun da Muka Je Tarya

Jama'a, ranar wata Litinin, sati biyu da suka wuce, na yi asarar wanka guda, guga guda, da rabin kwalbar turaren Sabuwa, uwar 'ya'yana, wanda har yau ba ta san na taɓa ba. Duk na yi su ne don in je taryar hannu. E, hannu na ce, ba mutum ba.

Wanda bai san ƙauyenmu ba sai na ɗan warware masa. Mu manoma ne, a gefen Managil, kuma ranmu yana rataye da tur'a, wato magudanar da ke kawo ruwa hawashoyinmu, gonakinmu ke nan. Laka ta cika ta, ciyawa ta yi gida a ciki, har akuya takan tsallaka ba ta jiƙa ƙafa ba. Mai yashe ta kuwa ita ce karraka, motar nan mai dogon hannu da cokali a baki. Wata bakwai ke nan hannunta ya karye. Tana nan tsugune a bakin gada, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, direbanta Hashim kullum yana zuwa yana goge mata gilashi kamar mai jinyar uwarsa.

Ruwan sama ya ɗauke, dawa ta yi ciki, ganye ya fara naɗewa. Wadda abin ya fi ci ita ce Hadizatu, matar marigayi Mato, don hawasharta ce ta ƙarshe a wutsiyar tur'a. Ko a shekarar wadata sai kowa ya ƙoshi take ganin ruwa. Bana kuwa dawar nan ce abincin mutum bakwai a gidanta, kuma ba ta da kwana goma a gaba.

Sau nawa muka je gaban Mai Girma Sarkin Gobe, Garkuwan Manoma, Shugaban Kwamitin Bibiyar Kwamitocin Yashe Tur'a? Ni dai na daina ƙirgawa. Mutum ne mai fara'a, Allah ya ƙara masa. Bai taɓa ce mana a'a ba. Kullum amsarsa ɗaya ce, mai sanyi kamar ruwan randa: "Bukra, in sha Allah," wato sai gobe. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, to mu dutsen muna da shi, ruwan dafawar ne babu.

Sai ga maƙwabcina Jibril ranar Lahadi da la'asar, yana haki, rawani a hannu.

"Ya zol, mutumina, ka ji labari? Hannu ya iso!"

"Wane hannu?"

"Hannun da munka daɗe muna jira mana! Mai shayin ofishin Mai Girma ya gaya min da bakinai. Ba guda ba ma, ukku sunka kawo, wai a zaɓa."

Na ce, "Jibril, ka tabbata?"

"Wallahi tallahi. Har ya ce akwai mai juyawa ko'ina, akwai mai ɗaukar nauyi."

To, mai juyawa, mai ɗaukar nauyi, in ba na karraka ba na wa? Kafin magariba gari ya ɗauka. Mata suka yi guɗa. Da safe muka roƙi lorin albasa mai zuwa Sinnar ya tsaya mana, muka ɗora igiyoyi da katako na sauke kaya, muka zaɓi ƙarti goma sha biyu. Hashim ya sa rigar aikinsa, aljihu cike da sifana. Hadizatu ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta hau gaba kusa da direba. Ni kuma, da yake ni ne mai bakin gari, aka ce in shirya jawabin godiya. Na shirya, har da aya.

Muka isa, muka duba harabar ofis, ba mu ga ƙarfe ba. Muka zaga baya, babu. Masinja ya ce, "Ai yana ciki." Hashim ya kalli ƙofar, ya kalle ni, ya ce a hankali, "Malam, hannun karraka ba ya shiga wagga ƙofa." Muka dai shiga.

Gani ya kori ji. A kan teburin Mai Girma ga kwalaye uku a buɗe, kowanne da ɗan ƙarfe mai gwiwa, tsawonsa bai kai ƙafar rago ba. Ashe hannun shasha ne, wato abin da ake maƙala allon kwamfuta a jiki don ya tashi daga kan tebur. Wai wuyan Mai Girma ne ke ciwo saboda sunkuyon duba matsalolinmu. Murna ta koma ciki.

Amma ku ga basira irin ta manya. Mai Girma bai ko ƙifta ido ba. Ya buɗe hannuwa ya ce, "Ahlan, ahlan! Ga talakawa sun zo da kansu a yi shawara da su. Haka muke so, ba ma yanke komai sai da ku." Ya sa aka kawo kujeru, aka fara bayani.

Na farko, in ji shi, matse shi ake yi a bakin tebur, sai dai teburin tsoho ne, ana tsoron ya ɓalle. Na biyu sai an huda tebur, huda tebur kuma sai an kafa ƙaramin kwamiti, don kayan jama'a ne ba a wasa da shi. Na uku yana da iska a cikinsa, da ɗan yatsa kake tura shi, ya yi sama, ya yi ƙasa, ya juya ya kalli baƙo, ya juya ya ba shi baya. Sati uku suna zama a kan maganar nan, kullum da jabana, wato gahawa, da soyayyen nama, ba su cimma matsaya ba. Na ji tausayinsu ƙwarai, don shugabanci ba wasa ba ne.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne Hashim. Bawan Allah wata bakwai bai taɓa ƙarfe mai motsi ba. Ya ɗauki na ukun, ya lanƙwasa, ya saki, ya kara kunne. Ya tambayi nauyin shashar, ya duba ramukan bayanta huɗu, ya ce, "Wannan tamam. Sauran biyun wuyansu za shi saki kafin wata." Kafin a ce me, ya zaro sifana ya ɗaure shi. Abin da kwamiti ya kasa a sati uku, ya gama kafin shayi ya huce. Da ya gama ya tsaya yana kallon hannunsa, idonsa ya kawo ruwa.

Aka ce a kaɗa ƙuri'a don a rubuta cewa jama'a sun amince. Ba zan ɓoye muku ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: na ɗaga hannu. Har jawabin nan nawa na karanta, na dai cire sunan karraka. Kowa ya tafa.

Hadizatu ce kaɗai ba ta ɗaga ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san shasha ba. Dawata na sani. Yaushe za a yi ruwa?"

Mai Girma ya yi murmushi, ya sa ɗan yatsa ya juyo mata allon. Kai, abin yana tafiya sumul! Ya nuna mata wani layi shuɗi ya ce, "Hajiya, ga tur'arku nan. Bisa bayananmu, ruwa yana gudu."

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To, Alhamdu lillahi. A ba ni shi in kai hawasha."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Girma ya sake sa yatsa, allon ya juya, ya tsaya daidai tsakanin fuskarsa da tata. A nan na gane amfanin abin, na kuma yarda Hashim ya iya zaɓe.

Muka hau lori da igiyoyinmu muka dawo. A hanya Jibril ya ce, "Shasha ta samu hannu, mu shashashai mun samu yawo."

Washegari muka shiga tur'a da shebur da kwanduna, maza da mata, tsofaffi na kwasar ciyawa a baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu ɗari biyu ma ba karraka ba ne. Laka har gwiwa, rana a ka. Kwana takwas muka yi kafin ruwa ya fara rarrafe. Ya shiga hawashar Jibril, ya shiga tawa. Ranar da ya isa wutsiya, na bi shi da ƙafa don in ga murnar Hadizatu. Na same ta da lauje, dawar ta riga ta bushe, tana yanke karan tana ɗaurewa, za ta sayar wa masu shanu. Ta kalli ruwan yana shiga kunya, ta ce, "Sannu da zuwa," ta ci gaba da yanka. Na juya gida ina tuna ƙuri'ar nan tawa.

Jiya takarda ta iso daga Mai Girma, da hatimi biyu. Yana yaba wa ƙauyenmu bisa kishi da haɗin kai. Ya kuma ce tunda an tabbatar manoma suna iya yashe tur'a da kansu, an cire gyaran karraka daga jerin buƙatu, don gudun almubazzaranci.

Saboda haka kada in ji wani ya ce Sarkin Gobe bai cika alkawari ba. Hannu ya ce zai kawo mana, kuma ya kawo. Mu ne dai ba mu lura ba ashe tuntuni yana maƙale a kafaɗunmu, yana juyawa ko'ina, yana ɗaukar nauyi, kuma ko sifana ba ya buƙata.