Ranar da Hitar Ruwa Ta Wanke Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da hitar ruwa ta tozarta ni a gaban surukina.

Na sa an kafa ta ne a bayin baƙi saboda alwalar lokacin sanyi. Issufu, wani mai gyaran famfo daga Maraɗi, shi ya yi aikin. Da ya gama sai ya fito da ɗan jan tulun ƙarfe, wai shi ma sai an haɗa.

"Malam, ruwa in ya ji wuta ƙaruwa yake yi, kuma bututunka ba ya barin shi ya koma baya. In ba wanga tulu, ina za shi?"

Na ce, "Issufu, shekara arba'in ina dafa ruwa, ban taɓa ganin ya haihu ba. Mayar da tulunka."

Bayan kwana biyu wani ɗan baki a gefen hitar ya fara ɗiga. Ni kuwa tun a makarantar allo aka koya mana cewa ko a bakin kogi kake alwala, kada ka ɓarnatar da ruwa. Na fiƙe icen darbejiya na toshe shi, har na rubuta "Kada a taɓa" da ajami a bango (wai ni mai tsari).

Ranar Juma'a Alhaji Mamman, mahaifin matata, ya zo daga Magama, ya sha farar shadda zai wuce masallaci. Na dage sai ya yi alwala da ruwan ɗumi. Na ja shi har cikin bayin ina ta bayanin hitar kamar ni na ƙera ta. Ban rufe baki ba muka ji fam! Tsohon bututu ya ɓalle, ruwa mai tsatsa ya wanke Alhaji daga hula har takalmi. Allah ya kiyaye, ɓangaren ruwan sanyi ne.

Ya dube ni a natse ya ce, "Malam, alwala ka ce, ashe wankan gawa ka shirya mini."

Da rigata ya tafi masallaci, ko gwiwa ba ta kai masa ba.

Da Issufu ya zo ya zare icen sai da ya yi salati. Ya ce bakin da na toshe shi ne ke rage matsin ruwan, da tukunyar hitar ce ta fashe da yanzu ana zaman makoki. Na bari ya haɗa tulunsa, amma ban ba shi haƙuri ba.

Har gobe ina kan bakana: ɓarnar ruwa laifi ce, mai gardama ya zo mu zauna. Abin da na ƙaru da shi kawai shi ne, in za ka yi taƙama da na'ura, bari suruki ya dawo daga masallaci tukuna.