Ƙidayar Masu Farin Kai

A wani daji da kogi ya raba biyu, dabbobi sun gaji wata al'ada daga kakanninsu. Duk shekara idan ruwa ya janye, sai a ƙirga mikiyoyi masu farin kai da ke sheƙa a bakin kogi. Mikiya kifi take ci, kifi kuma a ruwa yake rayuwa. Idan mikiyoyi na ƙaruwa, kowa ya sha ruwa hankali kwance. Idan suka ragu, to akwai abin dubawa.

Aikin yana hannun wani zalɓe mai suna Barmo, wanda ba shi da yawan magana. Shekarar da ya fara, mikiya arba'in da biyu ya samu. Bara ashirin da uku. Bana ya bi kogin daga sama har ƙasa sau biyu, bai samu fiye da goma sha huɗu ba, kuma babu tsako ko ɗaya.

Kafin ya kai rahoto, sai ya biya wajen Tabawa, tsohuwar mikiya da ke kan wani dogon maɗaci.

"Sannu da gida, Gwaggo. Bana ma shiru?"

Tabawa ta matsa gefe. Ƙwai biyu ne a sheƙar, duk sun farfashe.

"Ban taka su ba, Barmo," in ji ta. "Kwanciya kawai na yi a kansu, yadda uwata ta kwanta a kaina. Ɓawon ne ya koma kamar busasshen ganye. Shekara uku ke nan. Tun da mutane suka fara fesa magani a gonakinsu na can sama, kifin ya sake ɗanɗano. A kanmu abin ya fara, amma ba na jin a kanmu zai tsaya."

Barmo ya dubi ɓawon ƙwan. Shi ma kifin yake ci, kuma matarsa na shirin saka ƙwai.

Majalisa ta zauna a ƙarƙashin tsamiya, kusa da gurbi mai zurfi inda shugabarta Dorina take wuni. Barmo ya tsaya ya ce, "Ranki ya daɗe, goma sha huɗu suka rage, ƙwansu kuma ba ya ƙyanƙyashewa. Ruwan nan ba lafiya. Akwai tafki a bayan dutse da ke samun ruwa daga maɓuɓɓuga. Shawarata mu koma can da shan ruwa, har mu ga abin da Allah zai yi."

Dorina ta san tafkin. Ruwansa bai kai ya rufe mata baya ba. Ta yi gyaran murya, ta dubi Dila, mai magana da yawun majalisa.

Dila ya miƙe a natse. "Muna godiya ga Malam Barmo, aikinsa ba ya buƙatar yabo. Sai dai labari irin wannan, idan ya fita haka, tsoro zai kashe waɗanda ruwa bai kashe ba. Na koma ga maganar kakanni. Cewa suka yi a ƙirga manyan tsuntsaye masu farin kai. Ba su ambaci gashi ba. To ku dubi ungulu daga nesa. Babba ce ko ba babba ba? Kanta da haske ko babu? Shekara da shekaru muna ware ta daga ƙidaya, kuma wannan rashin adalci ne da ya kamata majalisa ta gyara."

Gada ta ɗaga kai daga baya. "Amma ai ungulu ba ta kama kifi."

"Shi ya sa shaidarta ta fi inganci," in ji Dila. "Ba ta da wata alaƙa da kogin da za ta sa ta son zuciya."

Aka yi ta gyaɗa kai. Masu ramuka a bakin kogi ba sa son ƙaura, masu kiwo a fadama ma haka. Dorina ta umarci Barmo ya koma ya haɗa da ungulaye.

"Ranki ya daɗe, zan iya ƙirga ungulu idan ana son sanin yawan ungulu," in ji Barmo. "Amma ba zan kira ta mikiya ba."

Ba wanda ya yi masa faɗa. Majalisa ta yaba da shekarun da ya yi yana hidima, ta naɗa shi Uban Ƙidaya, ta ce lokaci ya yi da zai huta. Aka ba Hankaka aikin. Kafin rana ta faɗi ya dawo da talatin da ɗaya, aka yi shela cewa dajin ya farfaɗo.

Washegari Barmo ya kwashe iyalinsa zuwa bayan dutse. Gada da wasu 'yan tsiraru suka bi shi. Ya roƙi Tabawa ta zo, ta ce ta tsufa da gina sabuwar sheƙa.

Kifin tafki ƙanana ne, ba sa ƙosarwa, amma a cikin ƙwai huɗu na matarsa biyu sun ƙyanƙyashe. Labarin kogi kuwa yana iso shi jefi-jefi. Barewa ta yi ɓari. Kifaye suna tasowa ciki sama. 'Ya'yan gwanki suna kwantawa bayan sun sha ruwa, ba sa tashi. Kowane labari ya zo, Barmo yakan tambayi kansa ko da ya ƙara magana a ranar nan, da wani ya saurara.

Da shekara ta zagayo, Hankaka ya sauka a bakin tafki, ya sha ruwa sosai kafin ya yi sallama.

"Uban Ƙidaya, an aiko ni da albishir. Bana ɗari da tara."

"Tabawa fa?"

Hankaka ya kau da kai. "Maɗacin yana nan. Wasu ne a kai yanzu."

Barmo ya sunkuyar da kai yana duban ruwa.

"Majalisa ta ce a shaida maka," Hankaka ya ƙara, yana gyara fiffike, "tun da aka kafa dajin nan ba a taɓa ganin masu farin kai da ƙiba irin ta bana ba."