Yadda Za Ka Ƙirga Gidajen Akokan Ba Tare da Gumi Ba

Ƙarfe biyu na rana, zafi ya sa har awaki sun daina kuka. A irin wannan lokaci malamin jami'a ke turo ɗalibi ya zana taswirar wata unguwa a garin Akokan, ya ƙirga gidajen da ke da mutane. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka ci, kamar yadda Dorkas ta ci, ita da aka ce in ta sake faɗuwa za a kore ta.

1. Nemi mai kabu-kabu
Masani ba ya yawo da ƙafa. Dorkas ta samu Mano, wanda bai wuce aji huɗu ba amma ya san kowane lungu. Hau baya, ka riƙa gyaɗa kai kana cewa "tsarin birni".

2. Fito da littafi da bik na rubutu
Tun da aka rufe ramin ma'adinai, duk mai rubutu ɗan agaji ne a idon jama'a. Tsoho Rhissa, mai zama shi da tunkiyarsa, ya shaida wa Dorkas su goma sha bakwai ne a gidan. Da ta tambayi ina sauran, ya ce, "Sun fita, 'yata. In shinkafa ce, bar ta a hannuna." Rubuta, ilimi ne.

3. Kauce wa soja
Yankin nan ya ga tawaye. Inda ka hango bindiga, rubuta "fili".

4. Ƙirga ƙofofi
Haka darasi ya ce, haka ta yi: ɗari uku da sha ɗaya. Mano ya gaya mata a hankali cewa yawancin masu gidajen sun kulle sun koma Maradi da Damagaram. A shekarar fari irin wannan da ruwa ya yi wuya, in ji shi, gida mai rai shi ne mai jarkoki a bakin ƙofa. Ta ce wannan ba kimiyya ba ce.

5. Bari rana ta kwantar da kai
Kwana biyu ta yi da zazzaɓi, ga shi ran Litinin za a karɓi aiki. Mano ya roƙi taswirar a wurin innarta, wadda ta sauka a gidanta, ya bi gida-gida yana ɗiga bik a kan kowane mai jarka. Ɗari da arba'in da biyu. Ya mayar, bai shiga ba. Da ta farka, ta kwafe.

6. Yi godiya
A shafin farko ka gode wa Allah, da malaminka, da injin da ya buga. Ya isa.

A sani: in ka faɗi, ko soja ya riƙe ka, ko Rhissa ya biyo ka neman shinkafarsa, babu hannuna. Mano ma ba ruwansa. Ranar da za ta tafi shi ya kai ta tasha, ya ɗaure mata jaka a kan mota. Ta shiga tana waya.