Karen Tanielu Mai Katin Shaida

A tsaye nake rubuta muku wannan, jama'a, don tun ranar Talata ni da kujera ba ma ga maciji.

Kowa a Samoa ya san maganin kare: in ya taso maka, ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, sai ya juya da gudu. Shekara sittin da biyu ina sunkuyawa lafiya. Ranar nan ina dawowa daga gona da kwandon gwaza, wani jibgegen kare ya fito daga gidan maƙwabcina, tsoho Tanielu. Na sunkuya cikin natsuwa irin ta manya. Ashe ɗansa ne ya kawo shi daga New Zealand, inda in mutum ya sunkuya ƙwallo zai jefa. Karen ya zo ya tsaya yana jira. Da ya ga hannuna wayam, sai ya zagaya ta baya ya karɓi haƙƙinsa. Ɗinki bakwai, kuɗin asibiti tala ɗari uku a kuɗin ƙasarmu, kuma an ce mako uku ba gona.

Matata Fuatino ta ce, "Maigida, tashi ka nemi diyya. Ka je makaranta da furfura, ka ishe mu da biro a aljihu. To yau ga ranarsa."

Allah ya ja zamanin Mai Girma Sarkin Alkawari, wanda ya rantse kafin zaɓe zai raba mu da cizon kare. Bai yi ƙarya duka ba. An buɗe ofis, an sayi motoci huɗu na kamun karnuka, kuma kullum da safe ina ganin su suna kai 'ya'yan manya makaranta. Can ofishin na je na cike takarda, harafi bayan harafi.

Babban Mai Hatimi ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau. "Baba, kai ka rubuta cewa ka sunkuya ɗaukar dutse?"

"Da hannuna, ranka ya daɗe. Amma fa babu dutsen."

"Ina shaidar babu dutsen?"

Ya turo mini takardar, ya ci gaba.

"Karen nan shi kaɗai ne mai rajista a duk gundumar nan. Yana da lamba, da katin rigakafi, har da hoto. Kai ina naka katin? To, kawo hoton raunin, kwafi uku, da sa hannun mai kare, kafin a tashi ranar Juma'a. In ta wuce, ta wuce."

Hoton kam an ɗauka. Kada ku tambaye ni yadda aka yi.

Da hantsin Juma'a na fito da takarda zan nufi gidan Tanielu, sai ga shi zaune a ƙofata, ya lulluɓe kansa da tabarmar neman gafara, danginsa goma sha huɗu a bayansa. A al'adarmu dai ba zai tashi ba sai wanda aka yi wa laifi ya yaye tabarmar, kuma da an yaye, magana ta mutu.

Na ce, "Baba, ai wannan sai in an zubar da jini."

Daga ƙarƙashi aka ce, "An zubar, Ioelu. Jikata ta gani."

Fuatino ta raɗa mini, "Tura masa takardar ta ƙasa! Ya sa hannu tukuna, sannan ka yi dattakonka."

Na tsaya da takarda a hannu, rana tana hawa. Mutumin nan ya haura tamanin, kuma shi ya haƙa kabarin mahaifina. Sai aka yi tari daga ƙarƙashin tabarmar. "Ɗana, ba sauri nake ba. Gwiwa ce dai."

Na yaye.

Aka rungume ni, aka yi kuka, aka yi addu'a. Wanda ya yafe kuwa shi ke ciyar da baƙi, don haka kajinmu uku da ragowar gwazan suka bi diyyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Fuatino ba ta ce mini komai ba sai, "Miƙo gishiri, mai ilimi."

Daga baya na ji ashe ofishin ma a rufe yake ranar. Duk sun tafi otal taron bita kan jinƙan waɗanda kare ya ciza. An ce taron ya yi armashi ƙwarai, har nama ya yi saura.